Yadda ake tsara kayan aiki da na'urori masu sarrafa kansu a ɗakin karanta jerin DNA

Duk wanda aka ɗora wa nauyin kafa ɗakin binciken da ake karanta jerin haruffan DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halittu, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne na'urar karatun kanta, domin ita ce ta fi tsada, kuma ita ce baƙi suke so a nuna musu. Sai dai wannan na'ura ta daɗe da iya aikinta ba tare da sa hannun mutum ba. Frederick Sanger ya fito da hanyarsa ta karatu a 1977, bayan kimanin shekaru goma kuma kamfanin Applied Biosystems ya fara sayar da na'urar da ke bin wannan hanya da kanta. Tun daga nan karatun ya riƙa fita daga hannun ma'aikaci, har aka kai ga yau da ake saka faifan da ake ɗora DNA a kai da kwalin sinadarai, a danna allo, a dawo gobe ko jibi a tarar da sakamako. Inda hannu yake ci gaba da aiki, kuma inda yawancin ɓarna take faruwa, shi ne tsakanin shigowar samfur da ɗora shi a kan na'ura, kuma a nan ne ya kamata mai tsara ɗaki ya kashe mafi yawan tunaninsa da wani kaso mai tsoka na kuɗinsa.

Zaɓen na'urar karatu

Kafin a nemi farashi daga kowane kamfani, sai a zauna a rubuta irin samfuran da za a riƙa karɓa, da yawansu a mako, da kuma kwanakin da masu jiran sakamako za su iya haƙuri. Idan aikin bai wuce tabbatar da jerin ƙwayar gado ɗaya ko wani ɗan guntun DNA ba, na'urar Sanger mai siraran bututu, irin su 3500 ko 3730xl, ta wadatar, domin tana karanta kimanin haruffa 800 masu kyau a kowane samfur. Na'urorin Illumina suna karanta gajerun guntaye, galibi haruffa 150 daga kowane ɓangare na guntun, amma suna karanta miliyoyi a lokaci guda, kuma kuskurensu kaɗan ne. Wanda yake son harhaɗa jerin wata halitta daga tushe, ko yake fama da wuraren da haruffa suke ta maimaita kansu, zai fi amfana da dogon karatu, wato PacBio, wadda karatunta na HiFi yakan kai haruffa 15,000 zuwa 20,000, ko Oxford Nanopore, wadda ƙaramar na'urarta MinION take shiga tafin hannu kuma take iya karanta guntu mai dubun dubatar haruffa.

Lissafi ne yake raba gardama a nan. Jerin DNA na ɗan Adam yana da haruffa kusan biliyan 3.1, kuma al'adar aikin ita ce a karanta kowane wuri kimanin sau 30, wato ana buƙatar fiye da haruffa biliyan 90 don mutum ɗaya. Ƙwayar bakteriyar E. coli kuwa haruffanta kimanin miliyan 4.6 ne, ko da an karanta ta sau 100 ba a kai rabin biliyan ba. MiSeq, wadda iyakar abin da take fitarwa a zagaye ɗaya bai wuce haruffa biliyan 15 ba, za ta ɗauki irin waɗannan bakteriya kusan 30 a tashi ɗaya, amma ba za ta gama mutum ɗaya ba, wannan sai manya irin NovaSeq. Faifan karatu na Illumina sau ɗaya ake amfani da shi, ko an cika shi ko ba a cika ba kuɗinsa ɗaya ne, saboda haka babbar na'urar da ba ta samun isassun samfura asara take jawowa. A ganina, ɗakin da manyan ayyuka ba sa zuwa masa a kai a kai gara ya sayi ƙarama, ya riƙa aika manyan ayyukan zuwa wata cibiya.

Rabon ɗakuna da wutar lantarki

Tsarin gini yana gaba da kowace na'ura, dalilin kuwa shi ne PCR. Wannan hanya tana ninka DNA a kowane zagaye, ta yadda guntu ɗaya zai iya zama fiye da biliyan ɗaya bayan zagaye 30. Ɗan feshin da ido ba ya gani, wanda yake tashi lokacin da aka buɗe murfin bututun da aka gama ninkawa, ya isa ya gurɓata sabon samfur, kuma na'urar karatu ba ta da hanyar sanin cewa abin da take karantawa baƙo ne. Don haka ake ware wurin aikin da ke gaban PCR da wurin aikin da ke bayansa, kowanne da nasa fifet, wato abin auna ɗan ruwa a ɗiba a zuba, da bakunan fifet masu matata, da rigunan aiki, da firiji. Samfur yana tafiya gaba ne kawai, kuma abin da ya shiga ɗakin baya ba ya komawa ɗakin gaba, ko da alƙalami ne. Wannan doka ta hau kan na'urori masu sarrafa kansu ma. Idan na'ura ɗaya ce take haɗa sinadaran PCR da safe, da yamma kuma ita ce take wanke abin da PCR ya fitar, to an rushe katangar da aka kashe kuɗi aka gina.

Wajen goge teburi, a sani cewa etanol yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya lalata DNA. Abin da yake lalata shi shi ne bilic da aka tsarma da ruwa, sannan a bi da ruwa mai tsabta domin kada ya ci ƙarfen na'ura. Akwai gargaɗi guda da ya kamata a liƙa a bango, wato kada a kuskura a zuba bilic cikin ruwan da aka zubar bayan ciro DNA, domin yawancin sinadaran wannan aiki suna ɗauke da gishirin guanidin, kuma haɗuwarsa da bilic tana fitar da iska mai guba.

Na'urar karatu tana iya shafe fiye da kwana ɗaya tana aiki, ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci kuma tana iya ɓata zagayen gaba ɗaya tare da sinadaransa, saboda haka dole a haɗa ta da batirin riƙon wuta mai ƙarfin da zai riƙe ta har wata wutar ta karɓa. Tana son ɗaki mai daidaitaccen sanyi da teburin da ba ya girgiza, don haka ba a ajiye na'urar juya bututu a kan teburi ɗaya da ita. Firizoji masu sanyin digiri 20 da digiri 80 ƙasa da sifili a sa musu na'urar da ke rubuta sanyinsu dare da rana, wadda za ta aika saƙo zuwa wayar wani idan sanyin ya fara raguwa. Wannan ita ce mafi arhar na'ura mai sarrafa kanta a ɗakin, kuma ita ce take tsaron samfuran da ba za a sake samun irinsu ba.

Na'urorin awo

Ƙananan na'urori uku ne suke faɗa wa ma'aikaci ko samfur ya cancanci a ci gaba da shi. NanoDrop tana auna yadda ɗigo ɗaya yake shanye haske, kuma amfaninta shi ne nuna tsabta. Idan aka raba awon hasken da aka shanye a tsawon zango na nanomita 260 da na 280, DNA mai tsabta yakan ba da kimanin 1.8, idan kuma aka raba na 260 da na 230 ana so a ga 2.0 ko ɗan sama da haka, ƙasa da wannan sosai yana nuna ragowar gishiri ko sinadarin wanki. Amma ba a dogara da ita wajen sanin yawan DNA, domin tana haɗawa da RNA, wani sinadari mai kama da DNA, da duk wani abin da ke shanye haske a wurin, sai ta ba da adadin da ya fi na gaskiya. Qubit ce ta dace da wannan, saboda rininta yana haske ne kawai idan ya kama DNA mai igiya biyu. Ta ukun, TapeStation ko Bioanalyzer, tana nuna tsawon guntayen.

Ana buƙatar yawa da tsawo tare, domin na'urar karatu da adadin guntaye take aiki. Ana ninka nanogram da ke cikin maikurolita ɗaya da miliyan ɗaya, a raba da 660 sau matsakaicin tsawon guntu, abin da ya fito shi ne nanomola, ma'aunin yawan guntaye a cikin ruwan. Samfur mai nanogram 2 a maikurolita, wanda guntayensa suke da haruffa 400, zai ba da kimanin nanomola 7.6. Idan aka yi kuskuren tsawo aka ɗauka 600 ne, lissafin zai ba da kusan 5, sai a ɗora fiye da ƙima a kan faifai, guntaye su cunkushe, ingancin karatu ya faɗi. Irin wannan lissafi kada a bar shi a hannun mutum da kalkuleta, a sa manhaja ta karɓi adadin kai tsaye daga na'urorin awon.

Bin sawun samfur

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, alhali shi ya kamata ya riga sayen kowace na'urar ɗiba da zuba, wato mai yin aikin fifet da kanta. Kowane bututu da kowane faranti mai gurabun zuba samfur a liƙa masa lambar da ake karantawa da na'urar haske tun daga ƙofa, da takarda da tawadar da ke jure sanyin firiza da etanol. Manhajar kula da samfura, wadda ake kira LIMS, ita ce za ta riƙe tarihin kowane samfur, wato wa ya taɓa shi, a wane gurbi na wane faranti yake, da wane rukunin sinadarai aka yi aikinsa, kuma a kan wace na'ura. Ranar da aka ga sakamakon wasu samfura ya lalace, wannan tarihi ne zai nuna cewa dukkansu kwalba ɗaya suka sha ta inzayim, wato sinadarin da ke yanka DNA ko liƙa shi ko ninka shi. Idan samfuran na mutane ne, lamba ce kawai take yawo a ɗakin, sunaye suna can a killace a wani wuri.

Ƙaramin ɗaki zai iya farawa da Excel, amma a yi hattara, domin yana sauya wasu lambobi da kansa, ya cire sifilin farko ko ya mayar da rubutu kwanan wata. Matsalar ta kai ga a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 saboda ita. Haka kuma a tsayar da doka ɗaya a kan yadda ake ajiye faranti, gurbin A1 kullum yana sama ta hagu, domin faranti mai gurbi 96 da aka juya kai zuwa ƙafa yana zama daram a mazauninsa, na'ura za ta yi aikinta lafiya, kuma kowane sakamako zai tafi ga samfurin da ba nasa ba.

Miƙa aiki ga na'urar ɗiba da zuba

Na'ura tana maimaita abin da aka tsara mata ne, daidai ko kuskure, a gurbi 96 a lokaci guda. Saboda haka ba a miƙa mata hanyar da ba ta zauna a hannu ba tukuna. Sai ma'aikata biyu ko uku sun bi rubutacciyar hanya ɗaya sun sami sakamako iri ɗaya sannan ake mayar da ita umarnin na'ura. Haka kuma sai yawan aiki ya kai, domin wanda yake shirya samfura goma sha biyu a mako zai riga na'ura gamawa da fifet mai baki takwas.

Mafi sauƙin farawa shi ne ciro DNA, domin akwai na'urorin da aka ƙera don wannan kaɗai, irin su KingFisher da QIAcube da Maxwell, kuma suna zuwa da shirye-shiryensu. KingFisher ma ba ta ɗibar ruwa, sandunan maganaɗisu ne suke ɗaukar ƙananan ƙwayoyin da DNA ya manne musu daga wannan faranti zuwa wancan. Na biyu shi ne daidaita yawan DNA da haɗa samfura wuri ɗaya. Wannan aiki ne da kowane gurbi yake buƙatar nasa adadin dabam, wannan maikurolita 3.2, na kusa da shi 7.5, kuma babu inda idon mutum yake saurin ɓacewa kamar nan, alhali na'ura fayil kawai za ta karanta ta bi. Ƙaramar na'ura irin Opentrons ta isa wannan. Manya irin Hamilton STAR da Tecan Fluent da Biomek sai an zo shirya DNA don karatu gaba ɗaya, aikin da ake kira shirya laburare, wato yanka DNA, da gyara bakin guntaye, da liƙa musu mahaɗa da alamun shaida, da wanke su.

Wankin ƙwayoyin maganaɗisu shi ne inda ake gane ko an iya na'urar, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ana zuba ruwan ƙwayoyin, irin su AMPure XP, a kan samfur bisa wani ma'auni, kuma wannan ma'auni shi ne yake yanke tsawon guntayen da za su manne. Idan ruwan ƙwayoyin ya ninka samfur sau 1.8, kusan komai yana mannewa, idan aka sauko zuwa 0.8 kuwa gajerun guntaye suna bin ruwan da aka zubar. Ruwan yana da kauri, yana bin bangon bakin fifet a hankali. A ce samfur maikurolita 50 ne, ana son a zuba masa 40, amma na'ura ta yi sauri ta bar 4 a cikin baki, to ma'aunin ya koma 0.72, kuma an zubar da guntayen da ake so ba tare da wata fitila ta kunna ba. Maganin shi ne a fito da ƙwayoyin daga firiji kimanin minti 30 kafin aiki, a rage saurin tsotsa da na zubawa, a sa na'ura ta ɗan dakata kafin ta ɗaga baki, sannan ta riƙa gauraya kwanon ƙwayoyin kafin kowace ɗiba domin suna kwantawa a ƙasa.

Bayan faranti ya hau maganaɗisu, ƙwayoyin sukan taru a gefen gurbi, ruwa ya washe. A nan tsayin bakin fifet yake da muhimmanci, domin idan ya sauka da yawa ko ya karkata zai kwashe ƙwayoyin tare da DNA, idan kuma bai sauka sosai ba zai bar ruwa. Ana wankewa da etanol mai ƙarfin kashi 80 cikin 100 wanda aka haɗa a ranar, saboda wanda ya kwana a buɗe ƙarfinsa yana raguwa, ya riƙa saɓule DNA daga ƙwayoyin. Sai shanyawa. Ƙwayoyin da suke sheƙi da sauran etanol a jikinsu, kuma zai hana inzayim na gaba aiki. Waɗanda sheƙin ya ɗauke su ne daidai. Waɗanda suka tsattsage kamar busasshiyar laka sun wuce, kuma ba za su saki DNA yadda ya kamata ba. Na'ura mai baki takwas tana bin layi 12 ɗaya bayan ɗaya, ta yadda layin farko zai daɗe yana bushewa kafin a kai na ƙarshe, don haka ko dai a tsara lokacin kowane layi dabam, ko a yi wannan mataki da kai mai baki 96.

Kowane ruwa da nasa saitin. Etanol yana ɗiga daga baki saboda tururinsa, sai an fara jiƙa bakin an kuma tsotsi 'yar iska a bayansa. Inzayim yana zuwa cikin gilisarol mai kauri, yana son a bi shi a hankali, kuma gaurayawa da ƙarfi tana tayar masa da kumfa. A kuma lissafa ruwan da yake saura a ƙasan kwano wanda baki ba ya iya kaiwa gare shi, domin kwalin sinadaran da aka rubuta na samfura 96 ne ba lalle ya ishi 96 a kan na'ura ba. Kuɗin bakunan roba ma ba ƙarami ba ne, kuma yawancin na'urori nasu kawai suke karɓa, don haka a tambayi farashinsu da sauƙin samunsu kafin a sa hannu a takardar saye.

Gwaji kafin samfurin gaske

Ana fara gudanar da shirin da faranti babu komai, mutum yana tsaye hannunsa kusa da maɓallin tsayarwa, domin a ga ko kan na'urar zai bugi wani abu. Sai a yi da ruwa mai launi. Daidaiton awo ana duba shi da sikeli mai kaifi, tunda maikurolita ɗaya na ruwa nauyinsa kusan miligram ɗaya ne, kuma da wannan hanya ake duba fifet na hannu ma bisa ƙa'idar ISO 8655. Gwajin gurɓata kuwa shi ne a jera faranti gurbi ɗaya DNA, na kusa da shi ruwa zalla, haka har ƙarshe, a bi dukkan matakai, sannan a duba ko wani abu ya bayyana a gurabun ruwan. Daga ƙarshe a raba samfura iri ɗaya gida biyu, rabi a hannu rabi a na'ura, a karanta su tare a kwatanta. Bayan an fara aikin gaske ma, kowane faranti ya riƙa ɗauke da gurbin ruwa zalla da gurbin samfurin da aka riga aka san jerinsa, kuma a riƙa sauya musu wuri.

Ranar karatu da abin da ke biyo baya

Tunda ana haɗa samfura da yawa a faifai ɗaya, alamar shaidar da aka liƙa wa kowanne ita ce take raba su daga baya. A sababbin faifan Illumina alama takan yi tsalle daga guntun wani samfur zuwa na wani, saboda haka ya fi kyau kowane samfur ya sami alamu biyu da babu wanda ya yi tarayya da shi a ko ɗaya. Ana kuma ɗiga ɗan DNA na PhiX, ƙwayar bairos mai haruffa 5,386 da aka san jerinta sarai, kimanin kashi 1 cikin 100, a ƙara yawansa idan samfuran sun yi kama da juna sosai, domin da shi na'ura take auna kuskurenta. Adadin da ake fara dubawa bayan zagaye shi ne kason haruffan da suka kai Q30, ma'ana yiwuwar kuskure ɗaya cikin 1,000.

Daga nan aiki ya koma kan kwamfuta, kuma a nan ma bai kamata a jira mutum ya kwafi fayil da hannu ba. A tsara yadda da zarar na'ura ta gama, babbar kwamfutar ɗakin za ta raba bayanan zuwa fayilolin FASTQ masu ɗauke da haruffan da aka karanta, ta gudanar da manhajar duba inganci ta FastQC a kan kowanne, MultiQC kuma ta tattara rahoton wuri ɗaya. Manhajoji irin su Nextflow da Snakemake suna ɗaure matakan nazari a jere tare da rubuta sigar kowace manhaja da aka yi amfani da ita, ta yadda za a iya maimaita nazarin bayan shekaru. Bayanan mutum ɗaya sukan ci gigabait da dama ko bayan an matse su, don haka tun farko a yanke abin da za a ajiye, da tsawon lokacin ajiyarsa, da wuri na biyu da kwafinsa zai zauna.

Kowace na'ura a buɗe mata littafin da ake rubuta wanki da gyara da duk wata tangarɗa, a bi jadawalin kulawar da kamfani ya bayar, kuma a sa kuɗin yarjejeniyar gyara ta shekara-shekara cikin kasafi tun ranar saye. Shirin na'ura kada a bar kowa ya taɓa shi yadda ya ga dama, duk sauyi a ba shi sabuwar lamba, a sake gwada shi, a ajiye tsohon. Aƙalla mutum biyu su iya gyara shirin, domin ɗakin da mutum ɗaya ne ya san cikin na'urarsa yakan tsaya cik ranar da ya tafi hutu. Sababbin ma'aikata kuma a fara koya musu shirya laburare da hannu kafin a ba su na'ura, saboda wanda ya taɓa ganin yadda ƙwayoyin maganaɗisu suke taruwa da yadda suke bushewa shi ne zai leƙa faranti a tsakiyar aiki ya gane cewa baki ya kwashe su a layi na bakwai, ya tsayar da na'ura kafin a zuba inzayim na gaba.